Sikanar fim: wacce ta fi sauri, kuma wacce kwamfutar yanzu za ta karɓa?

Maihoto_Jekadafari: Assalamu alaikum. Muna da negetif na 35mm cike da kwalaye, na bukukuwa da hawan Sallah a nan Gombe, muna son mayar da su cikin kwamfuta. An yi mini tayin Nikon Coolscan 4000 ED da Plustek 8200i, duk na hannu. Laftof gare ni, ramin USB kaɗai. Wacce zan ɗauka?

Baba_Bolari: Wa alaikumussalam. Ɗana, fara duba bayan na'urar kafin ka tambayi sauri. Coolscan 4000 ED da FireWire take aiki, wato wani tsohon nau'in ramin haɗa na'ura da kwamfuta wanda ba USB ba, kuma wayoyin nan masu kan USB a gefe ɗaya, FireWire a ɗayan, ba sa aiki, kada ka yi asarar kuɗinka. Sai dai kwamfutar tebur, a sa mata katin FireWire na PCIe (irin wanda ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta), an fi yabon mai guntun Texas Instruments. Manhajar Nikon ta tsufa, wata manhajar sikana mai suna VueScan za ka sa. Da Coolscan 5000 ED ce da magana ta ƙare: USB 2.0 ce, kusan daƙiƙa 20 kowane hoto a 4000 dpi (ma'aunin kaifin hoto).

Injiniya_Pantami: Gaskiya ne, Baba. Sai dai tsakanin FireWire mai gudun megabit 400 a daƙiƙa da USB 2.0 mai 480, ba waya ce ke jawo jinkiri ba, injin ne da hannun mai aiki. Plustek ɗin USB 2.0 ce, za ta hau laftof ɗinka, amma da hannu ake tura kowane hoto, sai ka zauna a gabanta wuni guda. Nikon kuwa da adaftar SA-21 tana jan yankin fim mai hoto 6 da kanta. Inda waya ke cutarwa shi ne USB 1.1, irin na Coolscan IV ED: megabit 12 kacal.

Share ƙura da infrared (hasken da sikana ke gano ƙurar kan fim da shi) ma na ƙara lokaci sosai, ga shi da hunturu ba ka da makawa. Amma ka kashe shi a kan fim baƙi da fari na gargajiya, domin azurfar da ke ciki yake ɗauka ƙura ce, ya dagula hoton. Ka hure fim da famfon roba, ban da baki.

Hajiya_Studio: Malam, in yawa ne damuwarka, duba Epson V600: hoto 12 take ɗauka a shimfiɗa ɗaya, ta USB 2.0. Kaifinta bai kai na Nikon ba, amma ya ishi ƙananan hotuna na album. Kowacce ka saya, haɗa ta da UPS, wato batirin riƙe wuta, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai an sake daga farko.