Musayar Waƙa: Ceto Kyauta Ne, To Ina Matsayin Aiki?

Ɗan Sabon Rai, Angwan Rukuba

Salama gare ku. Daga Afisawa sura 2 aka yi mana wa'azi ranar Lahadi, har yanzu maganar ba ta sake ni ba. Mai amsawa ya amsa da waƙa kamar yadda muka saba.

Da sunan Uba nake buɗe baki,
Da Ɗansa Yesu, babban Sarki,
Da Ruhu, shi ne Mai Tsarki,
Zan rera waƙar alheri.

Afisawa 2, aya 8, ku duba,
Manzo Bulus ya faɗa, bai rage ba,
Ba da aikinmu muka sami ceto ba,
Baiwa ce, Allah ya yi alheri.

Ɓarawon da aka rataye a gicciye,
Hannu a kafe, ƙafa a ɗaure,
Wane aiki ya yi kafin ya shuɗe?
Roƙo ɗaya ya yi, ya sami alheri.

Bai ba da baiko ba, bai yi azumi ba,
Ruwan baftisma bai taɓa shi ba,
Yesu bai ce masa jira tukuna ba,
Ya ce yau Firdausi, don alheri.

To don me muke ɗora wa kanmu kaya,
Muna ƙirga aiki ɗaya bayan ɗaya?
Wanda ya gaskata an yafe na baya,
An biya bashinsa da alheri.

Mama 'yar Zumunta, Farin Gada

Ɗana na ji ka, muryarka da daɗi,
Amma biyo ni mu shiga kasuwa.

Akwai wadda muke sujada tare,
Ranar Lahadi ta fi kowa rawa.

Zanen Zumunta, ɗankwali ya zauna,
In an ɗauko waƙa ita ke bayarwa.

Ran Litinin sai ta zo da mudu biyu,
Ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa.

Na sayarwar an bubbuge gindinsa,
Ka biya goma, tara kake ɗaukowa.

Kwandon tumatir, manya a bisa,
Na ƙasan duk sun fara ruɓewa.

Buhun dankali ya iso daga Bokkos,
Ta cusa ƙanana ciki tana ɗinkewa.

In ka yi magana ta ce an cece ta,
Jinin Yesu ya gama wankewa.

Karin Magana 11, aya ta fari,
Ma'aunin zamba abin ƙi ne ga Mai Kowa.

Yakubu sura 2, je ka karanta,
Bangaskiya ba aiki, sunanta gawa.

Har aljanu sun yarda Allah ɗaya ne,
Har da rawar jiki, ina ribarsu kuwa?

Ɗan Sabon Rai, Angwan Rukuba

Mama na durƙusa, na ji faɗanku,
Ba zan yi musu da furfurarku,
Abu ɗaya dai nake roƙonku,
Kar aiki ya ture mana alheri.

In gyaran mudu ke kai mutum sama,
Me ya kawo Yesu har ya sha fama?
Galatiyawa 2 ta ce, da Shari'a ta gama,
Da mutuwarsa banza ce, ba alheri.

Bafarisiye na azumi sau 2 a mako,
Ushiri cif-cif, ba ya fasa baiko,
Mai karɓar haraji ya tsaya nesa da roƙo,
Shi ne ya koma gida da alheri.

Malamin makarantar Lahadi, Bukuru

Wannan gardama ta girme mu duka. A 1517 Martin Luther, malamin Littafi Mai Tsarki a garin Wittenberg na ƙasar Jamus, ya fitar da batutuwa 95 yana ƙalubalantar sayar da takardun sassauta horon zunubi. A gabatarwar Sabon Alkawarin da ya juya zuwa Jamusanci a 1522 har ya raina wasiƙar Yakubu, ya ce ciyawa ce in an gwada ta da na Bulus. Duk da haka bai cire ta ba, kuma shi ɗin ne ya ce raba aiki da bangaskiya kamar raba zafi da wuta ne. Ga tawa.

Ƙanena, ka tsaya a aya ta tara,
Ta goma na biye, ka daure ka ƙara,
An halicce mu don ayyukan da ya tsara,
Tun tuni, mu bi su da gaskiya.

Bulus na maganar ƙofar shiga,
Yakubu na maganar abin da ido zai ga,
Ba yaƙi suke ba, kar ka ja daga,
Mutum ɗaya suka kawo shaidar bangaskiya.

Farawa 15, Ibrahim ya amshi alkawari,
Aka lasafta masa adalci tun da fari,
Sura 22 kuwa ya tashi da wuri,
Ya ɗauki Ishaku da wuƙa zuwa Moriya.

Ba hawan dutsen ya sa aka karɓe shi ba,
An karɓe shi tun ba a haifi yaron ba,
Amma da ya noƙe bai hau ba,
Wa zai ce ya ba da gaskiya?

Cikin hunturun Jos in an ce ga wuta,
Ka miƙa hannu ba ka ji zafinta,
Toka ce zalla a cikin murhunta,
Ka nemi garwashi, ka bar jayayya.

Ɓarawon naka ma, ka sake dubawa,
Baki kaɗai ya rage masa na motsawa,
Da shi ya tsawata wa mai zagi, ba ɓoyewa,
Ya shaida Yesu a gaban jama'a gaba ɗaya.

Katikis, Tudun Wada

Malam, tunda kun taɓo mu 'yan Katolika, bari in sa baki. Ku ƙarasa labarin mana. Ran 31 ga Oktoba 1999, a garin Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a takarda ɗaya: cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah ke karɓarmu, yana ba mu Ruhu Mai Tsarki mai sabunta zuciya yana kiranmu ga ayyuka nagari. 'Yan Metodis suka bi sahu a 2006. Manya sun sasanta, mu ne a unguwa muke ta ja. Ni Matiyu 25 na kawo.

Ran da Sarki zai zauna a kursiyinsa,
Ba zai ce, wace ɗarika ta kawo ka gare ni?

Tumaki dama, awaki hagu,
Zai ce, na ji yunwa, kun ciyar da ni.

Ƙishi ya kama ni kun ba ni ruwa,
Na zo baƙo kun saukar da ni.

Ba ni da sutura kun tufasar da ni,
Ina kwance ba lafiya kun dubo ni.

An kulle ni a gidan yari,
Ba ku ji kunya ba, kun ziyarce ni.

Ɗan'uwa, ga inda zan ba ka gaskiyarka,
Ka ce a daina ƙirge, ka burge ni.

Na daman nan ba su riƙe lissafi ba,
Mamaki suka yi da ya ce kun taimake ni.

Suka ce, yaushe muka gan ka, Ubangiji?
Ya ce, ƙaramin cikin 'yan'uwana, ai ni ne, ni.

Sun yi sun manta, ba su rubuta ba,
Na hagun ma haka suka ce, amma ya ce ku rabu da ni.

Mai keke, Gada Biyu

Iyaye da malamai, ku yi haƙuri da tawa, a tasha na rubuta ta ina jiran layi.

Ni ban yi karatun tauhidi ba,
Amma kullum ina cikin gwaji.

Baƙo ya sauka bai san gari ba,
Ya ce nawa Terminus? Shaiɗan ya ce ninka, na ji.

Tsohuwa ta ba ni dubu ta sauka,
Ta yi gaba abinta, ta manta canji.

Ba fasto a wurin, ba dattijon coci,
Daga ni sai idon Ubangiji.

Mai ya yi tsada, ga balas da yamma,
Ga tikiti, ga masu karɓar haraji.

An koro yara kan kuɗin makaranta,
Uwargida na jiran cefane gun miji.

In na faka na bi ta na miƙa mata,
Ba sama nake saye ba, ku ji.

Wanda ya ɗauke mini bashin da ya fi wannan,
Shi nake tunawa, kunyarsa nake ji.

Kuɗin hawa ɗaya ne ga kowa,
Ko Rabaran ne, ko kuwa Alhaji.

Wayar da aka bari a kujerar baya,
Ba tsintuwa ce ba da aka yi a daji.

Sannan Mama, ku ma ga tambayata,
Ba rashin kunya ba, neman agaji.

Yarinyar da ake ɗaukowa daga ƙauye,
Ita ce wanki, ita ce kiwon kaji.

Uwar ɗaki na majami'a tana halleluya,
Ita tana gida, ko wa'azi ba ta ji.

Wata ya ƙare, wani ya ƙare, ba albashi,
In ta tambaya a harare ta kamar maciji.

Yakubu 5, aya 4, ya ce hakkin ma'aikaci,
Yana kuka har kunnen Ubangiji.

Baba Dattijo, Jenta

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ni tsoho ne, layukana ba za su daidaita kamar naku ba. Waɗanda suka kawo mana bishara ba su taɓa raba abin nan biyu ba. A 1893 Gowans da Kent da Bingham suka sauka Legas, cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka rasu, daga wannan tushe cocin ECWA ya fito a 1954. Karl Kumm da abokansa suka kafa sansani a Wase a 1904, tushen cocin COCIN ke nan. Wa'azin alheri suke yi, amma hannunsu na gina asibiti a Vom da makarantu a Gindiri. A 1932 muka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, shi ya sa yau mai keke ke jefa mana aya daga tasha.

A Yariko akwai wani gajere,
Shugaban masu haraji, kuɗi a tare,
Ya hau ɓaure ya zauna a takure,
Don dai ya hangi Yesu.

Bai gyara komai ba tukuna,
Aka ce Zakka, sauko, gidanka zan zauna,
Jama'a na gunaguni suna nuna,
Wai gidan mai zunubi ya sauki Yesu.

Sai da aka shiga, sannan ya miƙe,
Rabin dukiya ga matalauta, ya yanke,
Wanda na zalunta, ninki 4 zai riƙe,
Ba wanda ya tilasta shi, ko Yesu.

Ku lura da wanne ya zo da fari,
Ku lura kuma na biyun bai yi jinkiri,
Ba a kwana ba aka ga tasiri,
Yau ceto ya sauka gidan nan, in ji Yesu.

Saul ya dawo da tumaki masu ƙiba,
Ya ce hadaya zan yi, ban ɓata ba,
Sama'ila ya ce ba haka aka aike ka ba,
Biyayya ta fi hadaya, tun kafin zuwan Yesu.

Muna son babban aiki mai suna,
Sunanmu a takardar gini, kowa ya tuna,
Bashin maƙwabci kuwa yana nan yana kwana,
Shi ma fa yana cikin umarnin Yesu.

Ɗan Sabon Rai, Angwan Rukuba

Baba na karɓa, Malam na ƙara ayar,
Amma kar a manta wa ya buɗe ƙofar,
In an juya jerin an ɓata hanyar,
Aiki a baya, a gaba alheri.

Mama 'yar Zumunta, Farin Gada

Wannan jerin ban ƙi shi ba, ɗana. Mai keke kuwa, ka taka mu, kuma ka taka daidai.

Ɗana mai keke, maganarka ta shiga,
Ba zan kare mu ba, akwai masu aikatawa.

Taron Zumunta mai zuwa zan tashe ta,
Kafin a kai ga maganar ankon rawa.

Kowace mai 'yar aiki ta faɗa da bakinta,
Wata nawa ake binta, yaushe za ta biya kuwa.

Kuma a zo da yaran sujada ran Lahadi,
Wankin ya jira, ba zai gudu ko'ina ba kuwa.

Mai mudu biyun, Matiyu 18 zan bi,
Ni da ita tukuna, ba tonawa.

In ta ƙi ji in koma da mutum ɗaya ko biyu,
Sannan dattawa su san abin da ke faruwa.

Kai kuma tunda ka iya tambaya,
Ga tawa, ka amsa kafin a yi rufewa.

Keken da aka yi wa kujerar mutum 3 a baya,
Wace aya ta ce a cusa 4 ana matsawa?

Ga wani a gefenka rabin jiki a waje,
Ga buhuna a kan cinyata har kasuwa.