Me ya sa Ingila ta buɗe wa jiragen yaƙin Faransa wuta a 1940, ba abokan juna ba ne?

Ɗalibin_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana tarihi ku taimaka min, akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya. Ina karatun yaƙin duniya na biyu sai na ci karo da cewa ranar 3 ga Yuli 1940 sojan ruwan Ingila sun je Mers-el-Kebir kusa da Oran a Aljeriya suka ragargaji jiragen Faransa, aka kashe sojan ruwa 1,297. Wallahi sai da na maimaita karantawa, don wata ɗaya kacal kafin nan tare aka kwaso sojojinsu daga Dunkirk. Ta yaya mutum zai juya ya harbi wanda jiya suke rami ɗaya? Cin amana ce ko akwai dalili?

Malam_Mai_Alli:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sai ka ɗan koma baya kafin ka gane. A watan Maris 1940 ƙasashen biyu sun yi alkawari ba wadda za ta yi sulhu da Jamus ita kaɗai. Da Jamus ta murƙushe sojan ƙasa na Faransa, firayim ministan Faransa Reynaud ya sauka ranar 16 ga Yuni, Petain ya hau kujerarsa, ranar 22 ga Yuni aka sa hannu a kan tsagaita wuta. To sojan ƙasa sun faɗi amma jiragen ruwa suna nan garau, kuma a Turai in ka cire na Ingila babu kamarsu. Takardar sulhun ta ce a tattara su a kwance musu makamai ƙarƙashin sa idon Jamus ko Italiya, Hitler ya ce ba zai taɓa su ba, Admiral Darlan, shugaban sojan ruwan Faransa, shi ma ya ba da kalmarsa cewa gara ya nutsar da su. Churchill, firayim ministan Ingila, ya ce maganar Hitler ba abin da za a jingina da ita ba ce, Darlan kuma ya riga ya shiga gwamnatin Petain. Ingila tsibiri ce, abincinta da man ta duk ta ruwa suke zuwa, in waɗannan jiragen suka haɗu da na Italiya a Bahar Rum ai shi ke nan.

Amma fa ba zuwa aka yi aka hau harbi ba. Admiral Somerville na Ingila ya taso daga Jibralta da jiragen yaƙi Hood da Valiant da Resolution da Ark Royal, ya aika wa Admiral Gensoul, kwamandan jiragen Faransa a Mers-el-Kebir, zaɓi: ku biyo mu a ci gaba da yaƙi, ko ku kai jiragen tashar Ingila, ko ku tafi da su tsibiran Faransa na Karibiyan irin su Martinik a ajiye, ko ku nutsar da su da hannunku cikin awa shida. Wanda aka tura da saƙon Kyaftin Holland ne, yana jin Faransanci sosai don ya yi aiki a ofishin jakadanci a Paris, yana da abokai cikinsu. Gensoul ya ji haushi an turo masa kyaftin alhali shi admiral ne, ya ƙi ganinsa da farko, ya tura wani laftanar ya karɓo takardar, haka aka ɓata safiya guda Holland na zaune cikin ƙaramin kwalekwale a bakin tasha rana na dukansa. Abin da ya fi ci min rai shi ne da Gensoul ya buga wa manyansa waya bai ambaci zaɓin Martinik ba sam, sai ya nuna musu kamar an ce ko dai ku miƙa wuya ko a harbe ku. Daga baya ya yarda ya ga Holland amma lokaci ya ƙure, don Ingila ta tsinci saƙon cewa ana turo wa Gensoul agaji. Gab da ƙarfe shida na yamma aka buɗe wuta. Jiragen suna ɗaure gindinsu na jikin gadar tasha, manyan bindigogin jiragen nan biyu, Dunkerque da Strasbourg, duk a gaba suke suna kallon tudu, ba halin mayar da martani nan take. Ɗaya daga cikin jiragen, Bretagne, ta kama da wuta ta fashe ta kife da mutum sama da dubu a ciki. Duka abin bai wuce minti goma sha biyar ba. Strasbourg ce ta sulale cikin hayaƙi ta kai tashar Tulon a Faransa.

Bazindire:
Malam na gode da bayani amma ni a gaskiya ban yarda dole ce ta sa ba. A rana ɗaya ɗin fa a Iskandariya ta Masar akwai jiragen Faransa, Admiral Cunningham na Ingila ya zauna da Admiral Godfroy na Faransa suka yi ta magana duk da London na matsa masa lamba, ƙarshe aka zuƙe man jiragen aka cire wa bindigogi abin harbi, ko mutum ɗaya bai mutu ba. Sannan ranar 27 ga Nuwamba 1942 da Jamusawa suka shiga Tulon don su kama jiragen, me Faransawa suka yi? Da hannunsu suka nutsar da sama da saba'in. Ke nan alkawarin da Darlan ya ɗauka an cika shi. Yaran da suka ƙone cikin Bretagne ba su suka sa hannu a takardar Petain ba.

Kuma mu nan abin ya taɓa mu kai tsaye. Bayan harin gwamnatin Petain, wadda ake kira Vichy, ta yanke hulɗa da Ingila, Nijar na ƙarƙashin gwamna Boisson na Dakar wanda ya tsaya wa Vichy, sai iyakarmu da Najeriya ta koma kamar ta abokan gaba har ƙarshen 1942. Kakata Allah ya jiƙanta ta sha ba mu labarin yadda yadi ya yi wuya a lokacin, ta ce zane ɗaya gare ta, in ta wanke sai ta zauna a ɗaki ya bushe, kuma yayanta da dare yake bin daji da jaki in zai je wajen dangi ta Daura.

Malam_Mai_Alli:
Allah ya jiƙan kaka. Maganarka ta Tulon gaskiya ce ɗan uwa, sai dai Churchill na Yulin 1940 bai ga 1942 ba. Iskandariya kuma tasha ce da ke hannun Ingila, jiragen Godfroy suna cikin bakin bindigoginsu, ba inda za su. Akwai kuma Amurka a lissafin, ana so shugabanta Roosevelt ya gani da idonsa cewa Ingila ba za ta bi sahun Faransa ba. Ni dai inda nake ɗora laifi shi ne wa'adin awa shida da girman kan da ya cinye rabinsa.

Hajiya_Yerwa:
Sannunku da ƙoƙari. Ɗana mai tambaya, ka sani zumuncin nan dama na maslaha ne tun asali. A 1898 sun kusa gwabzawa a Fashoda a kan kogin Nilu, sai 1904 suka shirya, a cikin wannan shirin ne ma aka gyara iyakar Najeriya da Nijar don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. A 1935 kuma Ingila ta yi yarjejeniya da Hitler ta yarda ya gina jiragen yaƙi har kashi 35 cikin ɗari na nata ba da yardar Paris ba, aka sa hannu 18 ga Yuni, ranar tunawa da Waterloo inda Ingila da ƙawayenta suka ci Napoleon na Faransa da yaƙi, Faransawa ba su manta ba.

Wanda harin ya fi jefawa cikin tsaka mai wuya De Gaulle ne, janar ɗin Faransa da ya ƙi yarda da sulhun, yana London yana neman masu bin sa sai ga wannan, sojan ruwa da yawa suka ce a mayar da su gida. A Satumba ya je Dakar da jiragen Ingila yana zaton za a buɗe masa ƙofa, aka yi kwana uku ana musayar wuta suka juya. Kuma ba tashar kaɗai ake hari ba, zinaren bankin Faransa da na Beljiyam da Poland an kawo shi can aka wuce da shi Kayes a cikin Mali ta yau, na Beljiyam ɗin daga baya Vichy ta tsallaka Sahara da shi ya ƙare a hannun Jamus. Inda ya samu sa'a Cadi ce, gwamna Felix Eboue ya bi shi ranar 26 ga Agusta 1940, washegari hafsansa Leclerc ya shiga Duwala da kwalekwale daga Kamarun Ingila. Da haka hanyar jiragen saman Ingila ta samu, ana haɗa su a Takoradi su biyo ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy (Njamena ta yau) su wuce Kartum har Masar.

Ɗalibin_Tarihi:
Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode ƙwarai. Yaya Bazindire don Allah in akwai sauran abin da kaka ta faɗa a kan rufe iyakar ka ƙaro mana, mu ma mutanen Jibiya ne, zan tambayi tsofaffinmu in na je gida.