Ɗakin kallona yana amsa-kuwwa, ba na jin maganar 'yan fim

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawara. Na mai da ɗakin baƙi ɗakin kallo, tsawonsa mita 5, faɗi mita 4. Ƙasa tayil, sama POP, bango filasta. Na sa majigi da amfulifayar Denon, sifiku biyar da wufa ɗaya (sifikar da ke fitar da sauti mai kauri). Hoto kam sai hamdala, amma sauti ya ƙi daɗi. Mutum biyu na magana a fim sai kalmomin su cakuɗe. In na ƙara murya kuma, ana harba bindiga uwargida za ta leƙo daga kicin. Da na tafa hannu a tsakiyar ɗakin, sai na ji wani "tirrr" yana bin bango. Wani ya ce in manna kiret ɗin ƙwai. Yana aiki?

Mai Haɗa Sauti: Wa alaikumussalam. Yallaɓai, kada ka ɓata bangonka. Kiret kwali ne siriri, kusan ba ya shanye komai, ga haɗarin gobara. Laifin ba na sifikunka ba ne. Sauti ne ke dukan tayil da bango ya dawo kunnenka a makare, ya hau kan na asali.

Fara da kafet mai kauri tsakanin kujera da allo, da labule mai nauyi a taga. Sannan ka zauna inda kake kallo, ka sa yaro ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango sifika a madubin, yi alama da alli. Nan za ka rataya allon shanye sauti. Kafinta zai haɗa maka firam, a cusa rockwool (wani abu kamar auduga da ake yi da narkakken dutse) mai kaurin santimita 5 aƙalla, 10 ya fi, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Ku sa safar hannu da takunkumi, yana da ƙaiƙayi sosai.

Abban Sadiq: Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya: in kujerarka na manne da bangon baya, janyo ta gaba, don a jikin bango da kusurwa gurnanin wufa ke taruwa. Ka saita sifikun su bar wa wufa duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mai kauri irin na gurnani. Ranar da za ka yi awon Audyssey, wato tsarin da amfulifayar Denon ke auna sautin ɗaki da makirfon ta saita sifiku da kanta, sa makirfon ɗin daidai tsayin kunne, ka kashe fanka da janareto.

Mai Haɗa Sauti: Batun uwargida kuwa daban ne. Allunan nan cikin ɗaki suke gyarawa, ba sa hana ƙara fita. Duba ƙarƙashin ƙofarka, in haske na wucewa, sauti ma na wucewa. A toshe da roba.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri. Jiya na shimfiɗa kafet ɗin falo, na janyo kujera kamar taku biyu. Wallahi har na fara jin numfashin mai magana. Kafinta zai zo ranar Asabar. Malam, sifikar tsakiya tana cikin durowa a ƙasan allo, in fito da ita?