Neman kalma: abin naɗe igiya a jikin bindigar mashi

Mai Fassara (Garki): Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina cikin matsi. An ba ni wani shirin talabijin in mayar da shi Hausa, gobe da ƙarfe 10 na safe za mu ɗauki murya. Shirin a kan masu nutso ne a tekun Durban ta Afirka ta Kudu, waɗanda ke riƙe numfashi su nutse su harbi kifi da bindiga mai cilla mashi da ƙarfin danƙo. Ita na sa mata "bindigar mashi". Inda na maƙale shi ne wurin da mutumin ke nuna yadda ake ɗaura mata abin da suke kira reel. Abu ne kewayayye, bai fi tafin hannu ba, ana ɗaura shi a ƙarƙashin bindigar, gaba kaɗan da mariƙi. Yana ɗauke da siririyar igiya, kaurinta kamar milimita 2, tsawonta mita 50. Igiyar takan bi ta wani ɗan zobe a bakin bindigar ta haɗu da wadda ke ɗaure da mashin. In an soki kifi ya zabura, sai ta yi ta warwaruwa, maharbin ya taso ya shaƙi iska, bindigarsa na hannunsa, kifin kuma bai tafi da mashin ba. Me zan kira shi?

Injiniya (Kubwa): Wa alaikumus salam. Hajiya ki ce ril kawai. Mun ce burki, mun ce giya, mun ce injin, ba wanda ya mutu.

Mai Fassara: Na gwada a kan 'yata. Da na ce ril sai ta ɗauka gajeren bidiyon Facebook nake nufi. Wannan gurbin an riga an cike shi.

Malamar Hausa (Jos): Kwarkwaro. Na masaƙa da na keken ɗinki. Zare ake naɗewa a jikinsa, yana juyawa yana sakin zaren. Ki ce "kwarkwaron igiya" a karon farko, daga nan kwarkwaro ya isa.

Baba Tsohon Ɗan Jarida: 'Yata, kada ki yi gaggawa. Hausa tana da hanyar ƙera sunan kayan aiki, ba sai mun je aron kayan masaƙa ba. Buɗe ya ba mu mabuɗi, kulle ya ba mu makulli, taje ya ba mu mataji. Naɗe zai ba mu manaɗi, jam'insa manaɗai. Duk Bahaushen da ya ji zai gane ba tare da an yi masa bayani ba. Haka muka riƙa yi a ɗakin labarai, kuma kalmomin suka zauna.

Malamar Hausa: Baba, ginin kalmar ba shi da aibi. Amma babban aikin abin nan saki ne. Naɗewa sai an gama komai. Ran mai nutso yana kan yadda igiyar ke fita.

Baba: Mabuɗi ma yana kullewa, Malama, ba a canja masa suna ba.

Ɗan Yawuri (Kado): Ku gafarce ni, ni tun daga "bindigar mashi" na tsaya. Sarkawa sun daɗe suna sukar dabbar ruwa da mashi mai igiya, sunansa zago, har dorina da kada ake farauta da shi. Igiyarsa tana ɗaure da abin da ke yawo a saman ruwa, in dabbar ta nutse a bi ta da ido. Ina ganin kafin a ƙirƙiro kalma a ofis, a fara tambayar masu sana'ar. Ina sayar da kifi a kasuwar Kado, ban taɓa ganin mai fassara ya zo ya tambaye mu sunan komai ba.

Mai Fassara: Yaya, wannan ƙorafin na karɓa, gaskiya ne. Zago dai da hannu ake jifa, wannan kuwa kunama gare ta, shi ya sa na bar bindiga. Amma ka warware mini wata matsala. Mutumin ya ce akwai hanya ta biyu: a ɗaure igiya mai tsawo a jikin wani abu mai yawo a saman ruwa, kuma ita aka fi so in kifin ƙato ne sosai. Shi wannan me zan ce masa?

Ɗan Yawuri: Gora. Wanda ya taɓa ganin masunta a Matan Fada lokacin bikin Argungu ya san gora da aikinta. Ko ta roba ce, gora ce.

Mai Fassara: Alhamdu lillahi, ɗaya ta fita.

Tela (Wuse): Ni ba malami ba ne, amma kwarkwaro nake taɓawa tun safe har dare. Hajiya, abin naku yana da wurin ɗaurewa da sassautawa?

Mai Fassara: Yana da shi. Wani ɗan murfi ne a tsakiya, ana murɗa shi.

Tela: To shi ne. Gidan kwarkwaron keke yana da ɗan ƙaramin noti. Ka matse shi da yawa zare ya tsinke, ka sake shi da yawa zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi. Kuma in yaro ya naɗa zaren sakwa-sakwa, ko ya tara shi gefe ɗaya, keken zai cije ana tsakiyar ɗinki.

Mai Fassara: Wallahi kusan abin da mutumin ya faɗa ke nan. Ya ce a naɗa igiyar da tauri, a baza ta daidai, in ba haka ba in kifi ya fizga sai ta nutse cikin 'yar'uwarta ta cije. Ya ce kada a cika shi har baki. Ya ce kuma kada a shiga ruwa ba wuƙa, don in ta cije ko ta naɗe mutum, yanke ta ake yi ko a saki bindigar.

Baba: Na ji tela. Amma ku tuna da baki za a faɗe ta, ba a takarda ba. Kwarkwaro na zaune tsakanin ƙwarƙwara da kwarkwata. Ku ba mai karatun da ya tashi a Jos ko nan Abuja, wanda bai raba ka da ƙa, ku ji abin da zai fito. Manaɗi ba ya da wannan hatsarin.

Malamar Hausa: Baba, da girmanka, wannan maganar ta yi mini zafi. Kakanninmu suna Jos tun zamanin haƙar kuza, Hausa muka sha a nono. A garin nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, an daɗe ana shirya wasannin Hausa a nan. Kullum in an rasa hujja sai a ce Hausar Jos. Kuma manaɗin ma ai da ɗa yake. Wanda bai iya ƙa ba, ɗa ɗin zai iya?

Ɗan Yawuri: Mu ma haka ake mana. Mu faɗi kalma a ce ba daidaitacciya ba ce, don kawai ba a jin ta a Kano.

Baba: Ban ce Kano ba. Ni Bazazzagi ne. Daidaitacciyar Hausa ba ta gari ɗaya ba ce, wahala aka sha kafin a tsayar da ita, kuma ina jin ciwon yadda ake wasa da ita a gidajen rediyon yanzu. In na ɓata miki rai, Malama, ki yi haƙuri. Amma maganar furuci tana nan.

Malamar Hausa: Ya wuce, Baba. Furuci aikin mai shiri ne, ta zauna da mai karatun ta gyara masa.

Injiniya: Ku bar ni in taimaka ta ɓangaren ɗaurawar, tunda an kayar da ril ɗina. Hajiya ki lura, iri biyu ne. Bindigar katako ana fara huda 'yan ƙananan ramuka kafin a ɗaura noti, don kada katakon ya tsage, kuma notin ya zama gajere kada ya ɓullo ta hanyar da mashin ke kwanciya. Mai bututun ƙarfe kuwa yawanci tana zuwa da gurbi a gaban mariƙi, zura abin ake yi ya zauna. Ba a son huda bututun, domin a toshe yake da iska a ciki, ita ke hana bindigar nauyi a ruwa. Noti kuma sai wanda ba ya tsatsa, ruwan gishiri ne. Saboda haka kada ki ce "kafa" ko'ina, wani wurin "zura" ne. Ɗan murfin nan kuwa burki ne, ba gardama.

Baba: Akwai gardama. Burki tsayarwa yake yi. Wannan ba a son ya tsayar da kifin, so ake a riƙa ja masa ana sakar masa har ya gaji. Sunan wannan linzami.

Malamar Hausa: Nan kam Baba ya fi mu. Linzami ya zauna.

Injiniya: Matashin Abuja nawa ne ya taɓa riƙe linzami? Burki kowa ya sani.

Mai Fassara: Dare ya yi, ga abin da zan kai: "Ana ɗaura kwarkwaron igiya a ƙarƙashin bindigar, gaba da mariƙi. Kafin a nutse a sassauta linzaminsa, wato burkinsa, yadda in kifi ya ja igiyar za ta fita ba tare da ta zube da kanta ba." Daga nan zan ci gaba da kwarkwaro da linzami. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Tela: Ki biyo ta Wuse da safe in ba ki ɗaya, mai karatun ya riƙe a hannu ya gani.

Baba: Amin. Ki tsaya a kansa ya faɗe ta sau uku kafin a kunna na'ura. Ni dai na rubuta manaɗi a littafina, kuma in aka tambaye ni shi zan bayar.