Idan magani ya taɓa fata, a leƙa hanta

Mun zauna da wasu ma'aikatan lafiya a nan Sakkwato kan mummunan borin jiki ga magani da likitoci ke kira DRESS. Ga abin da na tsinta.

Ciwon ba ya fitowa nan take. Sai mutum ya yi mako 2 zuwa 8 yana shan magani, sannan zazzaɓi ya taso, ƙuraje su feso, fuska ta kumbura, kaluluwa ta fito. Shi ya sa ake ɗora laifin kan ƙyanda ko maleriya. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da allopurinol na ciwon gaɓoɓi, da Septrin mai kashe ƙwayoyin cuta, su aka fi ambata.

An daɗe kan batun yankar ɗan ƙaramin yanki na fata don dubawa. Wata likita ta ce gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin abin da ake gani ya yi kama da na wasu cututtukan fata. Amma idan aka ga ƙwayoyin saman fata suna mutuwa da yawa, a ƙara sa ido kan hanta, don ita ce gaɓar ciki da ciwon ya fi kamawa.

Nan hankalina ya tashi, saboda a wajenmu ido na yin ɗorawa sai a ce shawara ce, a hau jiƙe-jiƙe. Abin da ma'aikatan lafiyar suka ce shi ne a dakatar da maganin da ake zargi a hannun likita, a riƙa maimaita gwajin jinin hanta ko da ƙurajen sun lafa, kuma kada a yanke prednisolone, maganin da ake bayarwa don kwantar da borin, farat ɗaya, domin ciwon kan dawo.