Yaron da ke tsoron a kira sunansa a aji

Zaman iyaye da malamai ya fi daɗewa a kan tambaya ɗaya: ina kunya ta tsaya, ina ciwon tsoron jama'a ya fara? Mu Hausawa muna yabon yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya, shi ya sa matsalar ke ɓuya. Alamar da aka fi yarda da ita ita ce tsoron ya hana yaro harkarsa. Ya san amsa, amma da malam ya nuna shi sai zuciya ta hau bugawa, gumi ya keto, murya ta yi rawa. Wata yarinya kullum ciwon ciki take kuka da shi da safe idan ranar muhawara ce. Yawanci abin kan fara ne wajen shekara 13, kuma likitoci kan duba ko ya kai wata 6.

Malamai sun ce a daina tsayar da irin wannan ɗalibi kwatsam gaban allo, a kuma hana 'yan aji yi masa dariya. A bi da shi sannu: ya fara amsawa cikin mutum uku, sannan goma, sannan aji duka. Wannan ta fi burge ni, domin barinsa ya yi ta gudun taro ƙara wa tsoron ƙarfi yake.

Iyaye kuwa su bar kiransa dolo. Idan ya fara ƙin makaranta, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, kafin abokai su koya masa taramol da sunan maganin kunya.