Shawara nake nema: na kasa zama wuri ɗaya

Akawu, Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina kwananku. Shekarata 36, sai bara likita ya tabbatar mini ADHD gare ni, wato larurar nan ta kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya. Tun ina makarantar allo anka laƙa mini "mai ƙiriniya", bulala kam na sha ta. Satin jiya na bar fayil buɗe a tebur na tashi shan ruwa, ban farga ba sai ga ni bakin titi ina cinikin kankana. Oga ya ba ni takardar gargaɗi. Ina shan magani kuma yana aiki, amma da la'asar ta yi kai ya watse. Likita ya ce in haɗa da motsa jiki. Akwai wanda ya gwada?

Nas, Gawon Nama: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Likitanka ya yi gaskiya. Motsa jiki na ɗaga dofamin da norefinefrin a ƙwaƙwalwa, su ne kuma sinadaran da maganin ADHD irin su Ritalin ke aiki a kansu. Sai dai natsuwar da ake samu bayan gumi ba ta wuni, don haka ka yi motsin dab da aikin da ya fi gundurar ka. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako, minti 30 ke nan sau biyar. Maganinka kuwa kada ka taɓa shi sai da sanin likita.

Kawu, Kanwuri: Ku yaran zamani komi sai kun ba shi sunan Turanci. Da can in yaro ya cika rawar kai, fartanya ake miƙa mishi. Damina ɗaya ya natsu.

Nas, Gawon Nama: Kawu, ai ka faɗi rabin maganar. Mai noma da mai kiwo jikinsu na aiki wuni guda, abin bai cika fitowa fili ba. Ɗauko mutumin nan ka zaunar da shi gaban kwamfuta daga takwas zuwa huɗu ka gani. Kuma ba a girma ake kamuwa ba, likita sai ya bincika ko alamun sun bayyana tun kafin shekara 12.

Mai ɗinki, Arkilla: Ni kam nawa ya fi fitowa a madafa. Tukunya nawa na ƙona, Allah kaɗai ya sani. In ɗora miya, in shiga ɗaki ɗauko gishiri, in tsinci kaina ina ninke kayan yara, sai ƙauri ya kira ni. Abin da na lura da shi: lokacin da maigida ya sayo mini keken ɗinki na lantarki, ɗinkina ya lalace, ina karkata layi ina mantuwa da awo. Na koma tsohon keken ƙafa na Inna, hankalina ya dawo. Ƙafa na kaɗawa, ido na kan allura. Yanzu in zan yi yankan atamfa mai tsada, sai na fara tsallen igiya sau 100 a tsakar gida. Yara na dariya, daga baya sunka jawo ni 'yar gala-gala, mu zana gidaje da gawayi a siminti mu yi ta ɗingishi da ƙafa ɗaya. Uwar ɗiya huɗu! Gwaggo ta tarar da ni ran nan ta riƙe baki. Amma ran da na yi, ba na ɓata yadin mutane.

Akawu, Mabera: Hajiya, ni matsalata ɗorewa. Na taɓa biyan kuɗin wata guda a gidan motsa jiki, sau biyu na je.

Mai ɗinki, Arkilla: Ai don ba daɗi ne. Kanmu ba ya bin abin da babu wasa cikinsa. Nemi mai ci da faɗuwa, kuma in ya gundure ka ka canza, kada ka tsaya jin kunya.

Malamin sakandare, Runjin Sambo: Na goyi bayan Hajiya. Ni ƙwallo nake bugawa da tsofaffin abokai, kuma abin da ke fitar da ni ba son lafiya ba ne, sanin cewa in ban je ba gefenmu bai cika ba. Sauran ranaku muna zagaya filin wasa na Giginya bayan asuba. Kada ka ce sai yamma, ka san garin nan namu na Sakkwato, a Afrilu zafi na haura 40. Wajen duba takardun jarrabawa kuma a tsaye nake yi, in saita agogon waya minti 25, in ya kaɗa in zagaya baranda minti 5 in dawo. Dubi almajirai ma, wa ka taɓa gani yana hadda a sandare? Jiki na rangaji, baki na biyawa. A taron malamai ina da ƙwallon dabino uku a aljihu, ina murza su ba wanda ya sani.

Baduku, Ƙofar Rini: Ni ban je asibiti ba, ban iya cewa ita ce gare ni, amma duk abin da kunka lissafa kamar ni ake nufi. Aikin hannu ya riƙe ni. In na shimfiɗa jar fatar akuya ina huda ina zura zare, duniya ta yi shiru. Illar ita ce ina iya zarcewa har azahar ta wuce ban ci komi ba, sai yaron shago ya taɓa ni. Malam Akawu, ka samu abin yi da hannu bayan ofis, ko zayyana ce a allo, amma ka sa mai tsayar da kai.

Nas, Gawon Nama: Malam Baduku, wannan nutsewar har a manta da ci ana ganinta ga masu ADHD, amma damuwa da ƙarancin barci ma na kawo mantuwa da watsewar hankali. Gara a duba ka. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma asibitin tarayya na Kware. Zuwa can ba hauka ba ne.

Kawu, Kanwuri: To in wasa kuke so, mi ya fi dara? Rami 30, kowa da 'ya'ya 12, hannu na motsi kai na lissafi. Ban ce na yarda da sunan Turancin ba.

Malamin sakandare, Runjin Sambo: Malam Akawu, Asabar ƙarfe shida da rabi, ƙofar Giginya. Ka taho da takalmin gudu.

Akawu, Mabera: In sha Allahu. Amma don Allah wani ya tuna mini daren Juma'a, sannan a sake kira na da asuba. Kawu, darar fa sai ka koya mini, a waya kawai na san wasa.

Kawu, Kanwuri: Ka zo bayan la'asar. Ka zo da goro.